Jawabi A Kan Iyayen Da 'Ya'yansu Suka Bar Gida

Zuwa ga hakimai, da dagatai, da malaman hakimai na kudancin ƙasar Katsina, wannan jawabi ya shafi wani al'amari wanda ba a kai ƙararsa gaban alƙali, ba a kuma rubuta shi cikin rahoton wata, amma yana cin mutane a hankali. Watau kewar da ke kama iyaye bayan 'ya'yansu sun watse, gida ya yi shiru.

A zamanin da, yaro yakan yi aure ya zauna cikin gandun ubansa, tsohuwa kuwa ba ta rasa jikan da za a ba ta riƙo. Yanzu abin ya sake. Tun da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976 yara suke tafiya makarantu na nesa, masu cin rani kuma da yawa sun zarce Kaduna, da Abuja, da Ikko, sai dai aike. Sa'an nan ga rashin zaman lafiya da ya dami ƙasashen Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa. Kowa yana tune da ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a watan Disamba na 2020. Tsoro irin wannan ya sa iyaye da kansu suna tura 'ya'yansu Funtuwa ko Katsina. Saboda haka a Mabai da ƙauyukan da ke kewaye da ita ba wuya a tarar da gida mai ɗakuna da yawa, mutum biyu kaɗai ke kwana a ciki.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2025 cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma kaɗaicin yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tsohon da ya rasa abokin hira yakan rage cin abinci, barci ya ƙi zuwa, ya daina fita dandali.

Maganin da ya fi kusa kuwa yana hannun tsofaffin nan, shi ne aikin hannu. Wannan ƙasa ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Tsofaffin mata sun san gurza, da shiɓa, da kaɗi da mazari, sun san bambancin abawa da arafiya, sun iya ɗinkin faifai mai launi. Dattawa kuma sun iya tufkar igiyar rama, da saƙar tabarmar kaba, da ɗinkin hula, da aikin wuyan riga irin su aska biyu da aska takwas. Malamai suna da zayyanar allo. Aiki irin wannan yana tattara hankali wuri guda, domin mai ƙirga zaren hula ba shi da damar ƙirga kwanakin da ɗansa ya yi bai zo ba. Da yamma kuma ya ga abin da hannunsa ya yi. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya.

Amma fa a lura, wanda ya shiga ɗaki ya yi saƙa shi kaɗai bai rabu da kewa ba. Amfanin yana cika ne idan aka yi aikin cikin jama'a. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane haka. Ta zaɓi dattijan mata waɗanda suka gama hidimar raino, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, suka riƙa kai waƙoƙinta na karantarwa ƙauyuka. Su ne shugabannin 'yan taru. Ta haka matan da aka zaci aikinsu ya ƙare suka zama malamai.

Abin da ake roƙon hakimai da malamansu abu huɗu ne. Na farko, masu unguwa su kawo sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai, malamin hakimi ya rubuta kowa da sana'ar da ya iya. Na biyu, a keɓe zaure ko inuwa cikin gari, ba bayan gari ba, inda maza za su haɗu da hantsi. Mata kuwa su taru a gidan wata dattijuwa da aka amince da ita. Na uku, a haɗa kowane gwani da yaro ko yarinya mai son koyo, musamman marayu da 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu, domin su ma suna bukatar babba. Na huɗu, a sami amintaccen dillali mai kai kayan kasuwar Ƙanƙara, ko Sheme, ko Funtuwa, ya kawo kuɗin cif. 'Ya'yan da ke birni kuma a tuna musu su haɗa da zare, da allura, da tabarau cikin aikensu, su kuma riƙa saye daga hannun iyayensu.

Lalle ne a sani aikin hannu ba ya maye gurbin likita. Idan aka ga tsoho ya yi makonni ba ci ba barci, ko ya daina magana, ko idonsa ya yi yana, sai a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Hakimin da ya kula da wannan ya yi riba biyu: tsofaffinsa sun sami abokan zama, sana'ar ƙasarsa kuma ba ta bi su kabari ba. Allah ya ba da zaman lafiya, ya ja zamanin Sarki, amin.