Daga Mararaban Rido Zuwa Matsirga



Duk wanda ya tashi daga Mararaban Rido ya kama hanyar Kachia, ya wuce Kujama da Kajuru, ya nufi Zonkwa, ya san yadda ƙasa take sauya kama. Fili yana ƙarewa, duwatsu suna tasowa, har a iso Kagoro, inda tsaunuka suka yi wa gari rumfa. A nan ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu.

Kusa da Kafanchan kuma akwai Matsirga. Ruwan da ya taso daga tsaunukan Kagoro yana zubowa daga kan dutse, wajen mita 30, ya faɗa cikin kwazazzabo. Da damina, kafin ka hango shi ƙugin ya riga ya cika maka kunne, feshinsa ya jiƙa maka riga, wani lokaci har bakan gizo ya bayyana.

To, me ya hana baƙi tururuwa? Ramuka a hanya, da fargabar masu garkuwa da mutane. Mai son yawon buɗe ido ba ya fita sai ya tabbata zai dawo gida lafiya.

Direbobi ma da nasu. Hanyar dutse, irin Hawan Kibo ta Filato, ba ta son gaggawa: a duba birki, a sauka da ƙaramin giya, a bar tsere a kwana.

Ya kamata Gwamnatin Kaduna ta gyara hanya, ta tsare ta. Masu masauki da masu abinci na Kafanchan za su ga ciniki.

Mu kwana nan.