Amana Ce Jarinmu: Jawabin Shugabar Ƙungiya a Taron Zagayowar Shekara

Iyayena, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa.

Ma'aji ta karanto muku lissafin kuɗi. Ni zan yi magana ne kan jarin da ba ya shiga littafi, wato yarda da juna.

Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba tura kuɗi ta waya. Amma adashinmu bai tsaya ba, zubi ya riƙa zuwa hannu da hannu. Haka a farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai ƙuli-ƙuli ta ɗauki gyaɗa bashi, baki da baki, ba takarda, don an san ta a wurin taro, an san ba ta cin amana.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A ƙasar Bangaladash, bankin Grameen na Muhammad Yunus ya riƙa ba mata talakawa rance ba tare da jingina ba. Sukan haɗu su biyar-biyar, kowacce na sa ido kan 'yar'uwarta. A 2006 aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya.

To, 'yan'uwa, bari in faɗi gaskiya. Bana taro ya yi rauni. Wasu sai su aiko yara da zubi, su kuma ba a ganinsu. Wasu sun kwashi adashi, zubi ya fara yi musu nauyi. Idan aka daina haɗuwa, sai a daina sanin halin juna, daga nan zargi ya shigo. Ranar da mace ɗaya ta ji tsoron zubawa, ta ƙarshen layi ce za ta rasa jarinta.

Roƙona biyu ne. Kowacce ta zo taro da ƙafarta, ai zumunci a ƙafa yake. Wadda kuma abu ya matse, ta gaya wa uwar adashi tun kafin ranar kwasa, mu san yadda za mu rufa mata asiri.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya maimaita mana.