Makon al'adu na kowa ne, har da wanda aljihunsa ya bushe



An ce in yi magana kan shagulgulan bazara a jami'a. Daga Maris zuwa Mayu, a Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa, ƙungiyoyi na shirya makon al'adu, gasar ƙwallo, muhawara da daren kiɗa. Ni ban ƙi ko ɗaya ba. Kan da ya sha karatu yana buƙatar hutu. Tambayata dai ita ce: wa ake shirya wa?

Mu fara da lokaci. A Afrilu zafi na wuce digiri 40. Wanda ya sa wasan ƙwallo da ƙarfe biyu na rana bai tausaya wa kowa ba. A kai shi bayan la'asar, a ajiye randunan ruwa a bakin fili. Daren kiɗan da ake farawa da ƙarfe sha ɗaya kuwa, ya riga ya kori ɗalibar da ke zaune gidan iyayenta cikin gari. Wa zai biya mata kabu-kabu da tsakar dare? Gobe kuma sai a ce mata ba sa fitowa.

Sai abin da ake nunawa. A 2014 UNESCO ta sa wasan barkwancin Nijar cikin gadon al'adun duniya. A ɗakin kwana ɗaya akwai Bafillace da Babarbare, akwai Buzu da Bazabarme, kullum suna tsokanar juna. Ku ba su dandali. Ku sa langa, ku sa dara, ku sa kokawa. Ba sa cin kuɗin haya, kuran ma in ya ɗauke ba ruwansu.

Na ƙarshe shi ne mai nauyi: kuɗi. In tikiti ya kai jikka biyar alhali wani na jiran bursu, to an raba ɗalibai gida biyu. A bar wasu ranaku kyauta. Bayan biki kuma, kwamiti ya liƙa lissafi a allon sanarwa: nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya rage. Masu riƙe asusun ƙungiya yau, su ne gobe za su riƙe na ma'aikata da na gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, in an kira taron shiri, ku je. Ku tambayi lokaci, ku tambayi kuɗin shiga, ku tambayi ranar da za a karanta lissafi. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kotizasiyon ɗinku ne.

Allah ya ba da sa'ar jarabawa, ya kai mu damina lafiya.