Ƙwan Talo-Talo Iri Ne: Kiwon da Aka Manta a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma tsara hekta 22,000 a kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano, duk taron da za a kira a wannan yanki maganarsa uku ce: shinkafa, alkama, tumatir. Wanda ya shiga gidajen Bunkure, Kura ko Garun Malam zai tarar da talo-talo suna kiwo a tsakar gida, galibi na mata ne, amma babu malamin gonar da ke tambayar ƙwai nawa suka yi bana, balle nawa suka ƙyanƙyashe.

Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A kan talo-talo wannan lissafi bai ci ba. Kazar gidan gona takan fara ƙwai tana wata biyar, ta yi kusan 300 a shekara. Macen talo-talo sai ta kai wajen wata bakwai, kuma ko wadda ake kiwo a manyan gonakin Turai da Amurka, da abinci na musamman da hasken lantarki na awa 14, ƙwai kamar 100 take yi a zango guda. Tamu ta gida takan tara 10 zuwa 15 ta hau kwanci, ƙwai ya tsaya. Gaskiya ƙwanta ya fi girma, kusan giram 80, na kaza kuwa 55 zuwa 60, ɓawonsa mai kauri da ɗigo-ɗigo. Yana soyuwa, yana yin kek. Amma wanda ya soya ƙwai mai rai ya cinye tsuntsun da zai yi kuɗi a watan Disamba, lokacin da fatake ke neman talo-talo don Kirsimeti. Ƙwan ci shi ne wanda ya tsage, ko ya daɗe, ko wanda aka yi babu namiji a garke.

Asarar tana farawa ne kafin kwanci. Macen talo-talo tana son ɓoye gurbinta: bayan rumbu, cikin kara, ko ciyawar bakin kwalbatin ruwa, inda kare da gafiya ke riga mai ita. Idan an tsinto ƙwan, sai a ajiye shi a kwano cikin ɗakin kwano. A watan Afrilu zafin Kano yana kai maki 40, alhali ɗan tsako yakan soma motsin halitta da zarar ɗumi ya haura maki 24, ya mutu tun ba a sa shi ƙarƙashin uwa ba. Bayan kwana 28 sai baragurbi, a ce maita ce ko rashin sa'a. Maganin ba tsada: a kwashe ƙwai kullum, a bar guda a gurbi, a rubuta kwanan wata da fensir, a ajiye tsinin yana kallon ƙasa a gindin randa mai sanyi, kada ya wuce mako guda. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex, ita ma ta wadatar. Sannan a bai wa kazar gida mai kwanci shida ko bakwai, ita kuwa talo-talo ta ci gaba da zuba ƙwai.

Sai abinci. Injinan casa na Kura suna fitar da dusar shinkafa ba iyaka, amma dusa kaɗai ba ta yin ƙwai, kuma wadda aka cakuɗa da ɓuntu cika ciki ce kawai. Mai ƙwai na buƙatar waken soya ko ƙuli-ƙuli, da garin ƙashi don ɓawo. 'Yan tsakin kuwa suna buƙatar furotin kashi 28 cikin ɗari a makonnin farko, abin da tsakin dawa ba zai bayar ba. Matan da ke fita da sassafe suna haƙo musu gara sun gane wannan tun kafin mu rubuta shi.

Akwai cutar hanta da talo-talo ke ɗauka idan suna kwana akurki ɗaya da kaji, da ruwan damina da ke kashe ƙanana. A raba makwanci, a tsare su daga raɓa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta daɗe tana haɗa rigakafin annobar kaji ta hunturu, har da nau'in da ke jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido. Me ya hana shi isa Bunkure a kan kari? Da murar tsuntsaye ta ɓulla a 2006 mun ga motoci da fararen riguna a ko'ina, saboda manyan gonaki na cikin hatsari. Mai talo-talo biyar fa?

Ina kira ga hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, wato KNARDA, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da su sa kiwon talo-talo cikin aikin malaman gona, su ɗauki mata da za su iya shiga gidaje, su kafa injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana a hannun ƙungiyoyin mata, su kuma kai rigakafi kafin hunturu ya shigo. Masanan Shika a Zariya, da suka ba mu kazar Shika Brown, su waiwayi talo-talon gida.