Ciwon sukari: abin da ya sa maganin wane ba ya yi wa wane

 

Akwai tambayar da ake yawan yi mana: ni da maƙwabcina ciwon sukari ɗaya, ƙwaya ɗaya muke sha, shi ya samu sauƙi, ni ban samu ba, me ya sa? Amsar tana cikin garkenku. In shanu biyu suka rame, ɗaya sammore ce, ɗaya tsutsar ciki, wa zai yi musu allura ɗaya? Ramar iri ɗaya ce, amma dalilinta daban. Haka ciwon sukari yake.

A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. A shekarar 1921 aka gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, kuma shekaru da dama daga cikin shanu da aladu ake tatso shi a yi wa mutane allura.

Wani mai ciwon, gaɓar tasa ta daina fitar da insulin. Wannan ya fi kama yara da samari, kuma ƙwaya ba ta yi masa komai, sai allurar insulin kullum. Wani kuwa yana da insulin, amma jikinsa ba ya jin sa, galibi saboda ƙiba da shekaru. Shi ne ƙwayar metformin ke taimaka wa. Akwai kuma wanda ciwon ke faɗo masa da ƙarfi, a fara masa da allura, bayan ƴan watanni likita ya mai da shi kan ƙwaya. Ana ganin irin wannan sosai a Afirka. A 2018 masana a ƙasar Suwidin suka kasa ciwon manya gida 5, a 2025 kuma ƙungiyar duniya ta ciwon sukari ta amince da wani nau'i mai kama ramammu da suka sha yunwa tun suna yara.

Sai kuma jikin mai shan maganin. Ƙoda ce ke fitar da metformin, saboda haka wanda ƙodarsa ta yi rauni ba a ba shi yadda ake ba mai lafiyar ƙoda. Ƙwayar glibenclamide kuwa matsa wa fankiriyas take yi ya fitar da insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Dillalin da ke zaune a rumfa ya sha ta ya ci tuwo, lafiya lau. Makiyayin da ya sha ta ya bi shanu wuni guda babu abinci, sukarinsa na iya faɗuwa, ya ji gumi, da rawar jiki, da jiri, har ya suma a daji. Duk mai shan ta ko mai allura ya riƙa yawo da ƙwayar sukari uku ko dabino a aljihu. Kafin azumi kuma ya je a gyara masa awon maganin.

Abinci ma yana raba mu. Wanda ke shan shayi zagaye uku da sukari cike da hannu, safe da yamma, ba zai ga aikin magani kamar wanda ya rage ba.

Ajiya ita ma dalili ce. Rana tana kashe insulin. Inda babu firji, a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kuma kada a wuce mako 4 da buɗe ta.

Don haka, ƴan'uwa, kada ku ari ƙwayar wani, kada ku saye ta a tire a kasuwa. Kafin ku tashi mashekari ku je a auna jininku, ku faɗa wa likita irin tafiyarku da cinku, ku ɗauki maganin da zai kai ku ya dawo da ku. In magani bai karɓe ka ba, ka koma a canja, kada ka jefar.

Allah ya ba mu lafiya, da mu da dabbobinmu.