Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jawabi Kan Sayen Na'urorin Awon Lantarki



Mu da muka taso tsakanin Kasuwar Daji da Ƙauran Namoda mun san matsayin rediyo a gidan manomi. In ta lalace, mai gyara yakan yi ta lalube, don ba shi da abin awo. Wannan ya sa muka ƙudura kafa ɗan ɗakin gwaji da guzurinmu na makaranta. Sabuwar na'ura mai inganci ta fi ƙarfin aljihunmu, sai muka nufi 'yan gwanjo a Sabon Garin Kano.

Farkon abin nema mita mai allura, irin AVO 8 ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1951 zuwa 2008. Kada a biya sai an gwada. A tafi da sabon batir mai bolt 1.5; in allura ta kauce ko ta maƙale, a bar musu kayansu. A duba tsatsa a gidan batir. A sani kuma tana buƙatar wani batir mai bolt 15, wanda samunsa ke da wuya.

Na biyu, a duba ƙarfin wutar da na'ura ke ci. Tamu 230 ce, ta Amurka 120. Mun taɓa jona wata ba mu duba ba, kuɗin abincinmu na wata guda suka tashi hayaƙi.

Na uku, osiloskof mai gilashi irin na tsohuwar talabijin yana riƙe wuta ko an kashe shi. Kada a sa hannu a cikinsa, rai ba gwanjo ba ne.