Jami'ar Zaure: Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu



A shekarar 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Gashuwa, mutanen Bade da Nguru da Machina suka yi murna. Amma tun kafin zuwanta ƙasar nan tana da wata jami'ar wadda ba ta da ƙofar shiga, ba ta karɓar ko anini. Ita ce makarantar zaure.

Ga yadda ta ke. Malami ya kan zauna bisa buzunsa bayan sallar Asuba ko La'asar, ɗalibai su kewaye shi, kowa da littafinsa. Mai farawa ya ɗauki Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, mai nisa ya kai Muhtasar da Tafsirin Jalalaini. Tela da manomi da fatake duk sahu ɗaya ne. Malami ba shi da albashi. Gonarsa ko sana'arsa ke ciyad da shi, sai abin da aka kawo don Allah. Wanda ya ƙware a ba shi izini, ya je ya buɗe nasa zauren. Ta haka ta ke yaɗuwa.

Bayan da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, garin ya cika da baƙi, ya kuma zama matattarar ilmi. Nan Shehu Muhammadu Gibrima ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai har rasuwarsa a 1975.

To, amma zaure yana da giɓi. Lissafi da Turanci da kiwon lafiya ba su cika shiga cikinsa ba, mata kuwa galibi a baya aka bar su. Shi ya sa ɗan Machina mai sayad da shanu a Ikko, ko mai goro a Shagamu, ya kan dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba.

Wannan giɓi yana cikuwa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya a Kano, a 1983 UNESCO ta ba ta lambar yabo. Watau babba ma yana koyo idan an kai masa karatu inda ya ke.

Saboda haka kowane zango, daga Agege zuwa Sabon Badun har Fatakwal, ya dubi abin da ke hannunsa. Akwai akawu, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai ɗalibin jami'a. Kowannensu ya ba da dare ɗaya a mako. Sarkin Hausawa ya ba da zaure, 'yan kasuwa su sayi allo da fitila, a ware wa mata lokacinsu da malamarsu.

Kakanni sun riƙe jami'a da buzu da tawada. Jikoki ba su da hanzari.

Wassalam.